Kunnen Saje

9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kakana, angona na kaina, Saje mai ritaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Goggo. Yaya ƙafar? Goggo ta gaya mini a waya ka daina shafa maganin, wai warinsa yana korar maka 'yan mata. To ka sani ni ce uwargida, kuma na ce a shafa. Ni lafiyata lau, sai ciwon wuya na sunkuyo a kan madubin gwaji. Jinin mutum sittin nake dubawa kullum a asibitin nan, har in na rufe ido ƙwayoyin jini nake gani suna yawo.

Tunda ka rantse ba za ka ƙara karɓar waya ba, wai tana cinye rabin magana, ga ni na dawo takarda da biro kamar a zamaninku. Shekara shida rabona da gida, shekara biyu rabona da muryarka. Ba ƙorafi nake ba. To, ƙorafi nake.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kaka, mun gama faifan! Ka tuna 'yan jaz ɗin nan da nake busa tare da su ranar Lahadi? Mu huɗu ne. Akwai shugabarmu mai piyano, muna ce mata Guduma saboda yadda take dukan abin, wani sa'in har da gwiwar hannu. Akwai Dogo mai ganguna, wanda ya yi shekaru yana koyon kiɗan Latin, irin wanda ake yi da dogayen ganguna da tafin hannu. Akwai mai ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa, shi ba ya magana sai an tambaye shi. Sai ni da ƙahona. Lahadi huɗu muka yi a wani sutudiyo da ke ƙarƙashin shagon katifu, bango duk an manne shi da soso, in aka ja katifa a sama sai mu dakata ta wuce.

Bari in shirya ka tun kafin ka sa. Gindin kiɗan a tsaye yake kamar gini: gajerun sanduna biyu suna buga uku, sannan biyu, uku, sannan biyu, ba sa canzawa ko sama za ta faɗo, ganguna suna zagaye su. Ƙafa ba ta iya zama. Amma a saman wannan, mu ukun ba mu da linzami. Guduma ta maƙala cokula a tsakanin wayoyin piyano, yana ƙara kamar ana zubar da kwanuka a bene. Ni a kiɗa na uku na tsoma bakin ƙaho cikin bokitin ruwa na busa. A na biyar kuwa ƙasa-ƙasa nake tafiya, rabi sauti rabi iska.

Na san me za ka ce. Shekara talatin kana badujala, hagu-dama, wanda ya kuskure ya sha gwale-gwale. Amma kai ka fara ɗora mini ƙaho a baki ina 'yar shekara tara, bayan rasuwar Babana, kai ka sa ni ina hura takarda a jikin bango har ta tsaya ba hannu. Duk wanda zai ji faifan nan ya ji, ni kunnenka nake so. Ba za a fitar da shi kasuwa ba sai ƙarshen shekara, kai ne mutum na farko a waje da zai ji. Yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a safa. Ka gaya mini gaskiya, kada ka yi mini kara.

Jikarka, amaryarka mai hura ƙaho.

*

20 ga Maris

Zuwa ga Amarya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, ta kuma sami Goggonki lafiya, tana nan tana fama da 'yan ajinta da jan biro. Ƙafa da sauƙi. Maganin ina shafawa, tunda uwargida ta yi umarni daga nesa. Amma matar da ta bar miji shekara shida, ba girki ba wanki, ban san da wane baki take kishi ba. In kika ƙara shekara guda zan yi miki abokiyar zama, kuma mai gajeren wuya zan nemo, wadda ba ta ƙorafi.

Safar ta yi mini daidai, sai dai ƙafa ɗaya ce. Ki aiko 'yar'uwarta.

Labarin unguwa ba yawa. An sare bishiyar bakin titi don a faɗaɗa hanya, yanzu abokina mai gyaran agogo yana zaune a rana kamar ƙadangare. Kullum da hantsi nakan je in zauna wurinsa. Shi yana duban agogo, ni ina duban motoci, ba mai damun wani da surutu. An kuma yi wa matakalar gidanmu fenti, kore, irin na asibiti. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi, sai dai Goggonki ta jibge takardun jarrabawa a kan gadon.

Batun waya ki bar shi. Takarda ta fi. Abin da aka rubuta ba ya cewa «me ka ce?»

Faifanki ya iso. Na sa shi sau uku. Kin ce in gaya miki gaskiya, to gaskiya, Amarya, ni ban ji komai a cikinsa ba. Wataƙila sai masu kunnen zamani. Hoton bayan faifan dai ya yi kyau, kin rame kaɗan, kuma har yanzu kina ɗaga gwiwar hannun dama fiye da kima. Ki sauke ta.

Ki riƙa cin abinci. Allah Ya yi miki albarka.

Kakanki, Saje.

*

11 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ban ko hau sama ba. Na ƙara karantawa a kan matakala. Bishiya ta sami layi uku. Fenti ya sami biyu. Ni da na yi shekara biyu ina haɗa abin nan, bayan na tashi daga aiki ƙafa a kumbure, na sami «ban ji komai ba».

Da ka ce hayaniya ce, da na yi dariya. Da ka ce mun ɓata ƙaho, mun ci mutuncin piyano, da na ce to, aƙalla Saje ya saurara har ya yi fushi. Amma komai? Minti hamsin da biyu, ko wuri ɗaya babu da ya tsaya maka?

Ranar Lahadi Dogo ya tambaye ni, «Yaya, tsohon sojan ya ji? Me ya ce?» Don na cika musu kunne da labarinka. Na ce, «Bai iso ba tukuna.» Ban taɓa yin ƙarya a kanka ba sai ranar.

Ni na ce kada ka yi mini kara, ba ka kuwa yi ba. Na gode. Ga ɗayar safar.

Jikarka.

*

6 ga Mayu

Amarya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Safa ta cika biyu, na gode.

Na ga fushi a takardarki tun daga yadda kika danne biro har ya huda takardar. Ban ce kin yi laifi ba, ban ce abokanki sun yi ba. Abin da ya faru na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Akwai maganar da tsoho ba ya iya faɗa sau biyu. Ke mai duba jini ce, abin da ido ba ya gani shi ne aikinki. Ki sake duba takardata.

Kakanki.

*

15 ga Yuli

Amarya,

Ina gaishe ki. Lafiyarmu ƙalau, sai ruwan sama da ya sa ƙafa ta tuna da ni.

Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki. Kullum in na taso daga wurin mai agogo nakan biya gidan waya. Matar da ke kan kanta ta gane ni, tun ina bakin ƙofa take girgiza mini kai, don ta hutar da ni tafiyar. Duk da haka nakan ƙarasa in buɗe akwatin, ko ta yi kuskure.

In yaji kika yi, ai ana faɗa wa miji inda aka tafi, ya san inda zai je biko. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ki ce kina lafiya. Ba sai kin sa gaisuwa ba.

Kakanki.

*

3 ga Agusta

'Yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Ni ce Goggonki. Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. Sau uku ina kiran ki kina cewa kina kan aiki, da na ambaci Baba, kakanki, sai ki ce layi ba kyau. Ni na goye ki, na san muryarki ta fushi. Sannan abin da zan gaya miki, Baba ya sa na yi alkawari ba zan faɗa miki da bakina ba. To ban faɗa da baki ba, da hannu na rubuta. Allah Ya yafe mini wayon.

Kakanki ba ya ji. Kunnen dama ya mutu shekara biyu da suka wuce, na hagu yana bin sa. Abin da ya raba shi da waya ke nan. A gida sai na tsaya a gabansa ya kalli bakina, ko in rubuta masa a bayan takardun yara. Bara ya bar buta tana ihu a kan wuta har ta ƙone, yana zaune taku uku daga wurin. Wata biyu da suka wuce mota ta kusa kwashe shi a gaban mai agogo, direba yana ta hon. Duk ya hana a gaya miki. Wai za ki bar aiki ki taho, ko ki zauna can kina kuka, kuma duka biyun ba su da amfani.

Bari in gaya miki ranar da faifanki ya zo. Da hantsi ne, ran Asabar. Ya yi wanka, ya sa rigar nan tasa mai aljihu biyu, ya sa na goge masa ita. Ya jawo kujera gaban rediyo ya zauna a miƙe kamar za a duba fareti. Ya ce, «Sa mana.» Na sa. Ya ce, «Ƙara.» Na ƙara. Ya ce, «Ƙara dai.» Na ƙure shi har gilashin taga yana rawa, matar bene ta sauko tana buga ƙofa ko lafiya. Shi yana zaune yana kallon 'yar wutar rediyon. Can ya juyo ya ce mini, «Ta fara busa?» Lokacin kin fi minti goma kina busa.

Na ce, «Ta fara, Baba.»

Ya ce, «Yaya take?»

Na ce, «Da ƙarfi take.»

Ya ce, «Ai dama tana da huhu.» Sau uku ya sa na maimaita, bai tashi daga kujerar ba sai da aka kira azahar, ni na taɓa shi na gaya masa.

Daga nan ya rubuta miki abin da ya rubuta. A wurinsa ya riga ya gaya miki ke nan, jira yake ki gane. Ku biyun nan kanku ɗaya, kamar dutse.

Ni kam da na ji, ban gane kansa ba, kamar ana faɗa a kicin. Amma kada ki gaya wa kowa, na kama ƙafata tana rawa ina wanke-wanke.

Ki rubuto masa. Ya rame.

Goggonki.

*

29 ga Agusta

Kakana,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙafa, yaya kunne? Eh, kunne na ce. Kada ka yi wa Goggo faɗa, ba ta buɗe baki ba.

A wurin aiki takardarta ta same ni. Na karanta, na fita na tsaya bayan firjin da muke ajiye jini, inda ba mai gani na. Da na koma gida na ɗauko taka ta watan Maris na sake dubawa kamar yadda ka ce. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, har da «me ka ce». Ni da nake gano cuta a ɗigon jini, na kasa karanta layi biyu na kakana. Ka yafe mini. Ka yafe mini wata huɗun nan, da tafiyar gidan waya da ƙafa mai ciwo.

Amma ni ma ina da faɗa. Shekara biyu, Kaka! Ina nan ina cewa tsoho ya yi zuciya don na ƙi dawowa, ashe kai kana can cikin shiru kai kaɗai. Wa ya ce maka ana ɓoye wa uwargida irin wannan?

Na gaya wa 'yan ƙungiya gaskiya. Mai goge, wanda ba ya magana, shi ya ce, «Ba ɗan badujala ba ne? Ai yana karanta nota.» Sai na ji kamar in mari kaina. Ga notar nan, wato kiɗan a rubuce, na haɗo maka, shafi goma sha tara. Na Dogo shi ya rubuta da hannunsa, ya ce a gaishe da Saje. Matsalar ita ce yawancin abin da muke yi ba a rubuce yake ba, nan take yake fitowa, in ya wuce ya wuce. Don haka na zauna da faifan, ina tsayarwa ina mayarwa, na kwashe busata ta kiɗa na biyu na rubuta gida-gida, yadda ake karkasa nota. Sati uku ya ci mini, kuma na gano abubuwan da ban san na busa ba. Inda nota ta kasa, na rubuta da baki, za ka ga «nan kamar ƙofa mai tsatsa», «nan kamar an shaƙe agwagwa». Sauran wuraren da ka ga fari, ban kai gare su ba.

Za a ƙaddamar da faifan ran sha huɗu ga Nuwamba, a wani zaure mai kujera ɗari biyu. Kafin nan kowace Lahadi gwaji ne, hutuna na asibiti kuma na riga na ajiye shi don wannan satin. Na gaya wa Guduma ta nemi wani mai ƙaho. Zan karɓi hutun yanzu in taho. Ta ce in yi tunani. Na gama tunani.

Jikarka, amaryarka in har ba ka sake ni ba.

*

21 ga Satumba

Amarya, uwargida, sarautar mata,

Wa'alaikumus salam. Saki kuma? Wa zai aiko mini da safa? Muna lafiya. Matar gidan waya da ta gan ni ranar, ta ɗaga ambulan ɗinki sama tana kaɗawa kamar tuta. Goggonki na yi mata horon kwana ɗaya ba magana, sai na lura ita hutu ta samu, na janye.

Ba ke za ki nemi gafara ba. Mutumin da aka san shi da kunne, wanda a cikin 'yan busa arba'in yakan nuna wanda ya kauce da rabin sauti, bai san yadda zai ce kunnen ya tafi ba. Na ɗauki biro sau da yawa. Abin da na iya ke nan, na ajiye miki maganar a bakin ƙofa na gudu.

Yanzu ga aiki. Na baje takardunku a teburin taga, na sa tabarau. Na fara da na Dogo. Na ɗauki fensir biyu na Goggonki ina buga ukun nan da biyu a gefen tebur. Kwana huɗu ƙafata tana gardama, ita hagu-dama ta sani, wannan kuwa yana faɗowa a tsakanin taku, inda soja ba ya taka ƙasa. Rana ta biyar ya zauna. Da ya zauna sai ya ƙi tashi, har a kan bencin mai agogo ina buga shi a gwiwa, ya rubuto mini a takarda wai ina rikita masa agogai. Ki gaya wa Dogo ya san aikinsa.

Sannan na ɗauki naki. Yatsu uku a gefen tebur, ina danna maɓallan da babu. Amarya, na ji. Ba da kunne ba, amma wanda ya yi shekara talatin yana busa, in yatsa ya danna, kai yana ba da sautin. Da farko kin shigo a makare da gangan, kamar mai leƙa ɗaki kafin ta shiga. Na ce a'a, yarinyar nan ta yi ƙarfin hali. Daga gida na talatin da ɗaya zuwa na arba'in kin yi ta hawa ba alamar hutu. A ina kika yi numfashi? Na gwada da bakina kawai, na kusa suma, Goggonki ta kawo ruwa. Agwagwar kuwa ban yarda da ita ba, kuma ba zan yarda ba. Amma na ga dalilin da ya sa kika shaƙe ta a daidai wurin, bayan hawan nan ba abin da ya rage wa mutum sai kuka.

Shafin Guduma an rubuta «nan kowa ya bi ransa» har gida sittin. A badujala wannan sunansa tawaye. Sai dai na lura duk tawayenku sandunan nan biyu ba su motsa ba, kuma kowa ya dawo ya same su. To wannan na gane shi.

Batun tahowa. Ban yarda ba. Ba a barin fareti ana gobe, balle ki bar mutum uku da suka dogara da ke, a kawo wani baƙo ya busa abin da ya fito daga ƙirjinki. Umarni ne.

Amma tunda mun daina ɓoye-ɓoye, ga sauran. Likita ya duba ni makon jiya. Ya rubuta mini cewa na hagu yana kama sauti mai kauri in yana kusa sosai, kuma ba ya tsammanin zai kai sabuwar shekara. Na so in ɓoye wannan ma. Ki yi faretinki, ki gama. In akwai sauran kwana a hutun, to ina nan, ba inda za ni.

Kakanki, Saje.

*

12 ga Oktoba

Ranka ya daɗe Saje,

Gaisuwa da fatan ƙafa da kunne suna bin umarni. Ni lafiya, wuya ma ya yi sauƙi.

An karɓi umarni. Zan busa ran sha huɗu. Ran sha biyar da safe ina hanya, da ƙahon a hannu, ba zan bari a jefa shi cikin kaya ba. Na roƙi shugabar ɗakin gwaji ta ƙara mini kwana, ta ce biyu kawai za ta iya, wata abokiyar aikina ta karɓar mini ɗaya. In an cire tafiya da dawowa, kwana huɗu zan yi a gida. Shekara shida, kwana huɗu. Kada ka ce komai, na sani.

Numfashin da ka tambaya, ban yi ba. Ta hanci nake ja ina hurawa da kumatu a lokaci guda, shekara guda na yi ina koyo da tsinken shan lemo a kofin ruwa. Zan nuna maka, ka ga almajirarka ta wuce ka.

Dogo ya manna takardarka a jikin gangarsa, wurin da ka ce ya san aikinsa. Ka ce wa Goggo ta kwashe takardunta daga gadona. Ka ce wa kunnen nan ya jira ni.

Amaryarka.

*

10 ga Disamba

Amarya,

Assalamu alaikum. Goggonki ta nuna mini saƙonki cewa kin sauka lafiya kin koma aiki. Alhamdu lillahi. Mu ma lafiya, gidan ne dai ya yi faɗi.

A bakin mota kin rubuta mini a tafin hannunki, «Ka ji?» Na ce na ji duka. Kika yi murmushi irin na Babanki in ya san ana yi masa ƙarya. To ga gaskiyar, a takarda, inda na fi iya ta.

Da kika shigo ranar farko, na ga bakinki yana cewa Kaka, ban ji ba. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk shekara biyun. Shi ya sa na tsaya ina yi miki tsiyar rama, don kada ki kalli idona.

Washegari da hantsi, da kika jawo kujerar kicin kika ajiye a gefena na hagu kika fara kiɗa na biyu, ban ji ko ɗaya ba. Yatsunki na bi, na san inda kike, na ga kumatun nan suna aikin da kika faɗa, kamar kwaɗo. Na uku, da Goggonki ta kawo bokitin wanki kika tsoma ƙaho, ruwa ne ya fantsamo mini a fuska, shi na ji. Dariyar da na yi ta gaske ce.

Sai na biyar. Kin matso har bakin ƙahon yana taɓa kafaɗata, kika sauka ƙasa. Nan ne. Sauti uku, masu kauri, kamar babbar mota tana wucewa a wata unguwa. Na farko ya zo ya tafi. Na biyu ya daɗe. Na ukun yana rawa kaɗan a ƙarshe, ban sani ba ko haka kika tsara shi ko leɓenki ne ya ƙi tsayawa. Uku ne kacal cikin minti hamsin da biyu, amma naki ne, kuma da kunnena na ji su. Sauti mai tsabta, cikakke, ba a matse ba. Da kina cikin 'yan busata da na sa ki a gaba.

Ran Talatar da ta wuce na tashi na tarar ɗan abin da ya rage shi ma ya tafi. Likita bai yi ƙarya ba. Kada ki yi kuka a bayan firji, na riga na shirya. Na so in ce miki ƙahonki ne abu na ƙarshe da na ji a duniya, zai yi daɗin faɗa. Amma na daina yi miki ƙarya. Murfin tukunyar Goggonki ne, da ya faɗi a kicin ran Litinin. Naki shi ne na kusa da ƙarshe.

Ki gaishe da Guduma da Dogo da mara maganar nan, ki ce masa ni da shi za mu shirya. Ki riƙa hutar da wuyanki.

Jiya Goggonki ta zo za ta mayar da kujerar kicin, wai tana tare hanya. Na ce a bar ta nan inda kika ajiye ta. Tana gefena na hagu yanzu da nake rubutun nan.

Kakanki, angonki,
Saje.